Gogo Adama a Bakin Lasifika

Akwai mutumin da in ya je birni sau ɗaya, garinsu ya shiga uku ke nan. Malam Cornelius irin wannan ne. Akawu ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, aikinsa siminti da kwanon rufi, kuma da ya tsaya a nan da babu mai ganin laifinsa. To, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ikilisiya ta rasa wanda za ta tura Jos wani kwas na marubuta Kirista, shi kuma ga shi yana hutu, sai aka ce ya je. Mako guda ya yi. Ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi, da birori jere a aljihun gaba, da wani sabon gyaran murya da yake yi kafin ya buɗe baki. Shi ke nan, Dutsin-Ma ta samu marubuci, mutumin da ko wasiƙar kirki ba a taɓa jin ya aika wa tsohuwarsa ba.

Bai yi wata-wata ba ya kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna Sabon Tsiro. Duk Asabar da yamma ake taruwa a barandar majami'a, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗan gidan waya, duk baƙin da aiki ya kawo daga kudancin Zariya da Filato. A Jos an gaya masa sabon marubuci kamar dashen tumatir yake, ruwa yake so ba tsawa ba. Wannan ya riƙe, ya kuwa yi ta ambaliya. Kowa ya miƙo takarda, kafin idonsa ya kai layi na biyu ya ce, "Madalla! Akwai baiwa!" Alfred malamin lissafi ya kawo waƙa a kan Yunusa a cikin kifi, waƙar da in kifin da kansa ya ji sai ya sake yin amai. Akwai baiwa. Wata rana wata 'yar ƙungiyar, Magdalina, ta yi kuskure ta miƙa masa bayanin taron zumuntar matan ikilisiya maimakon labarinta. Ya gyara tabarau, ya girgiza kai, ya ce rabonsa da ganin zurfin tunani irin wannan tun a Jos.

Ilimin da ya kwaso kuwa bai wuce magana ɗaya ba, ita yake ta juyawa kamar waina a tanda. "Labarin Kirista murhu ne," in ji shi, "duwatsu uku gare shi. Duhu, haske, tuba. In babu na ukun, tukunya ta kife." Sai 'yan ƙungiya su rubuta a takardunsu, kamar ba su rubuta shi makon jiya ba.

Cikin masu zuwa akwai Roda, matar Obadiya mai ba da magani a ɗakin shan magani na Kurfi. A bayan babur ɗin mijinta take zuwa, da 'yarta Zipporah goye a baya, ga kuma ciki na biyu ya fara turo zane. Ta gama firamare a garinsu can ƙasar Kagoro, tana son karatu, kuma tun tana yarinya in ta ba da labari a bakin rafi sai tuluna su cika su tumbatsa ba a sani ba. Wata da watanni tana zama a ƙarshen benci ba ta kawo komai ba. Ba don ba ta da abin faɗi ba. Abu ɗaya ne a ranta, tana tsoron kada ta ɓata shi.

Abin kuwa shi ne Gogo Adama.

Lokacin da Roda ta haifi Zipporah a Kurfi, ba ta da kowa. Mahaifiyarta ta rasu tun kafin aurenta, dangi suna can nesa, Obadiya kuma namiji ne, iyakar saninsa ƙwaya da allura. Ana cikin haka wata safiya wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono daga rugar da ke gefen Ɗantutture ta yi sallama ta leƙo, ta tarar da mai jego durƙushe tana wankin tsumma da ruwan sanyi, tana kuka.

"Ke, ina uwarki?"

"Ta rasu."

Tsohuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta nemi garwa, ta hura wuta. Da ruwa ya tafasa ta karyo ganyen darbejiya ta tsoma, ta zaunar da Roda a bayan ɗaki ta shiga fyaɗa mata shi a jiki, daga wuya har gadon baya, Roda tana ihu tana cewa za ta mutu, tsohuwar tana cewa, "Mutu mana, in gani." Daga ranar, kullum hantsi bai ɗaga ba Gogo ta iso. Ita ce wanka, ita ce kunun kanwa, ita ce gasa wa jaririya cibiya, har aka yi arba'in. Obadiya ya so ya yi ƙorafin cewa littafin asibiti bai yarda da ruwa mai zafi haka ba, amma da ya ga matarsa ta murje ta yi kumatu, ya haɗiye littafinsa. In lokacin salla ya yi, Gogo ta shimfiɗa gyalenta a gindin gwandar tsakar gida ta yi abinta, Roda ta kama wa yarinya baki kada ta dame ta. Ba a taɓa yin gardamar addini a tsakaninsu ba. Tun daga wankan farko Gogo ba ta kiran Roda da komai sai "ɗiyata".

Yanzu da ciki na biyu ya fito, tsohuwar ta riga ta fara shiri. Duk zuwan da za ta yi da nono, sai ta ɗoro 'yan itatuwa a kan faifan ƙwarya, ta jefa a bayan ɗakin girki. Itacen jego ke nan, ana tara shi tun haihuwa da sauran nisa. Roda takan tsaya ta dubi tarin yana tashi, hankalinta ya kwanta. Duk abin da zai zo ya zo, tana da uwa a Kurfi.

Wannan ta zauna ta rubuta, a hankali, tana gogewa tana sakewa. Ta sa ƙamshin darbejiya a ruwan zafi, ta sa kaushin hannun Gogo, ta sa "mutu mana, in gani". Ta rufe da cewa ta roƙi Ubangiji uwa, ya aiko mata ita da ƙwaryar nono a ka. Ran Asabar ta miƙa wa Malam Cornelius takardar.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mutumin da bai taɓa karanta rubutun kowa ba, ran nan ya karanta har ƙarshe.

"Madalla, Maman Zipporah! Akwai baiwa!" Ya yi gyaran muryar nan tasa. "Sai dai murhun naki duwatsu biyu ne. Ga duhu, kin haihu ba kowa. Ga haske, taimako ya zo. To ina tuba?"

"Wa zai tuba, Malam?"

"Tsohuwar mana."

"Ai Gogo musulma ce, Malam. Salla ba ta wuce ta."

Ya yi mata irin murmushin da ake yi wa yaro in ya ce wata yana bin sa. "Ke dai sabuwar tsiro ce. Bar min shi in buga miki a tafireta, in ɗan daidaita masa zama. Ranar godiyar kaka ke za ki karanta shi da bakinki a gaban ikilisiya. Har lasifika na yi magana za a ba mu aro."

Nan ne fa Roda ta yi sake. Da ta tambaya wane irin daidaitawa, da ta ce a nuna mata kafin ranar, da labarin nan bai kai ga kunnenku ba. Amma an ce tafireta, an ce lasifika, an ce a gaban ikilisiya. Yabo giya ne, ko wanda ya san na banza ne in aka zuba masa sai ya kurɓa. Ita da ta sha dariya a ɓoye ranar takardar Magdalina, yau da aka ce mata akwai baiwa sai ta ji ai wannan karon gaskiya ya faɗa. Har suka isa Kurfi tana jin kanta a sama, ko ramukan hanya ba ta ji ba.

Washegari da Gogo ta zo, Roda ta ba ta labari, ta ce lallai sai ta zo Dutsin-Ma ta ji da kunnenta.

"Ni? Mi na yi da za a faɗe ni cikin taro?" Gogo ta rufe baki da gefen gyale. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ɗanta na fari, Mahmuda, magidanci ne har da furfura a gemu, amma ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan".

"Gogo, ba ni da saniya da zan ba ki, ba ni da zane na kirki. Wannan kaɗai na iya. Ki bar ni in gode miki a gaban mutane."

Tsohuwar ta kalli cikin Roda. Can ta ce, "To, ɗiyata. Ba ni shiga ɗakin ibadarku, kin sani. Amma in akwai inuwa a waje, sai in zauna. Wancan ya rako ni."

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika maƙil. An jibge dammunan dawa da gero a gaban bagade, wurin ajiye baiko, da kabewa, da kaji a ɗaure suna ta kuka. Malam Cornelius ya sha kwat a cikin zafin nan, yana kai da kawo, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Lasifikar ya sa an ɗaure ta a kan rufi, bakinta ya juya wajen titi, don a cewarsa ba a kunna fitila a rufe ta da kwando. A bakin titin kuwa akwai mai shayi, da mai faci, da mutanen Kurfi da na Rawayau masu jiran mota. Daga tagar da Roda take zaune tana hango gindin maɗaci, inda Gogo ta zauna a kan tabarma da sabon zane, da 'yar ƙwaryar man shanu a cinya da ta kawo mata tsaraba. Mahmuda yana tsaye a gefe, ya rataya sanda a kafaɗa.

Sai da Alfred ya gama azabtar da jama'a da kifinsa, sannan aka kira Roda. A nan ne, tana tsaye a gaban mutane, Malam Cornelius ya miƙa mata takardun. Ta ga sunanta a sama da manyan baƙaƙe, daɗi ya kama ta.

Ta fara karantawa. Muryarta ta fita ta rufi ta dawo mata kamar ta wata. Da ta zo wurin ruwan sanyi da tsumma, majami'a ta yi tsit, har kajin suka yi shiru. Da ta zo "mutu mana, in gani" aka kwashe da dariya, ta saci kallon taga ta ga Gogo ta sunkuyar da kai tana murmushi, Mahmuda ma haƙoransa a waje. Wata tsohuwa a layin gaba tana share hawaye. Roda ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, wato maganar da ta fito daga cikinta ta shiga cikin wasu ta zauna. Ta juya shafi na ƙarshe.

Ba nata ba ne.

Idonta ya riga bakinta, ya gudu har ƙasan shafin ya dawo. Inda ta rubuta uwa da ƙwaryar nono, babu shi. Wani abu ne daban aka buga, tsaf, ba ko kuskure ɗaya. Ta dubi Malam Cornelius, ya gyaɗa mata kai yana murmushi, yana yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ta dubi fasto, ta dubi dattawa, ta dubi ɗaruruwan idanun da yanzun nan suka gama yi mata dariya da kuka. Abin da ya kamata ta faɗa gajere ne, ko yaro ya san shi: wannan ba gaskiya ba ne. Ga abin magana, ƙarfen da ke kai murya lasifika, a bakinta. Amma ta tuna taro ne, ranar godiya ce, Malam babba ne, za a ce ta kunyata shi. Ta tsaya kamar an dasa ta.

"Ruhu ya cika ta!" in ji Malam Cornelius, ya taso da sauri ya zare takardar daga hannunta. "Bari in ƙarasa mata."

Ya gyara murya, ya kafa baki a abin magana, ya karanta da ƙarfin da Allah ya ba shi:

"Da Gogo Adama ta rugar Ɗantutture ta ga hasken da ke gidanmu, sai ta durƙusa a bakin murhu ta fashe da kuka, ta ce, duk rayuwata a cikin duhu nake. Ta ajiye carbinta, ta karɓi bishara. Yau 'yar'uwarmu ce a ɓoye, tsoron 'ya'yanta ne kawai ya hana ta bayyana. Ga ta can ma a waje, ta zo da ƙafarta!"

Wayyo. Majami'a ta ɗauki Halleluya har kwanon rufi yana amsawa. Su dai mutanen ba su da laifi, abin da aka gaya musu suka ji. Magdalina ta fizgi tulun kiɗa, matan zumunta suka bi ta da waƙa da caki, suka yi waje, suka nufi gindin maɗaci hannuwa a buɗe za su rungumi sabuwar 'yar'uwa.

A bakin titi mai shayi ya tsaya da buta a sama. Mutanen Kurfi da na Rawayau duk sun juyo. Mahmuda ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ba don ya doki kowa ba, sai don ya sa ta tsakanin matan da mahaifiyarsa. Bai dubi matan ba. Uwarsa yake kallo, kallon da ɗa bai kamata ya yi wa uwa ba.

Gogo ta miƙe a hankali. Ta ajiye ƙwaryar man shanun a gindin itacen, ta naɗe tabarmarta. Sannan ta tsaya, ta kafa wa lasifikar nan ta kan rufi ido. Ta daɗe a haka, har waƙar matan ta fara sanyi don kansu. Roda tana hango ta ta taga, abin magana yana nan kusa da ita taku ɗaya, ba kowa a kansa. Ba ta taka ba. Gogo ta ja gyalenta ta rufe kai, ta bi bayan ɗanta suka nufi tasha.

Da aka tashi, Roda ta tare Malam Cornelius a baranda.

"Malam, ƙarya ka yi mata. Ƙarya ka yi da sunana."

Ko a jikinsa. "Haba, Maman Zipporah. A rubutu ba a ce masa ƙarya, bangaskiya ake ce masa. Abin da bai faru yau ba, gobe zai faru, mu dai mun riga mun rubuta ne. Ba ki ga yadda mutane suka yi kuka ba? Kin taɓa ganin an yi wa Alfred kuka?"

"Tun kafin shafinka suka yi kukan."

"To ai shi ya sa na ce akwai baiwa." Ya dafa birorinsa ya ga suna nan, ya wuce wajen dattawa karɓar gaisuwa.

Kwanaki suka yi ta wucewa, nono bai zo gidan Obadiya ba. Zipporah takan je bakin ƙofa da safe ta tsaya tana leƙe. Labari kuwa ya riga ya zaga, don maganar da ta fita ta lasifika ba ta da linzami. A kasuwar Kurfi an ce matan ruga sun janye ƙorensu daga kusa da na Gogo. An ce surukan Mahmuda sun aiko suna tambaya. An ce sai da tsohuwar ta je gaban liman, cikin maza, ta maimaita kalmar shahada kamar baƙuwar musulunci, ita da ta fara azumi tun ba a haifi limamin ba.

Roda ta sa Obadiya ya kai ta rugar. A bakin shinge ya tsaya da babur, ita ta shiga da cikinta. Ta sami Gogo a inuwar bukka tana kaɗa nono. Tsohuwar ta tashi ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya mai kyau, irin wadda ake ajiye wa baƙi.

"Sannu da zuwa, matar malamin asibiti. Ya gida? Ya jiki?"

Da ta zage ta, da ta fi sauƙi. Roda ta durƙusa, hawaye ya ɓalle mata. "Gogo, wallahi ba ni na rubuta wancan ba. Nawa ya ƙare ne a kan ke uwata ce. Shi ya sauya."

"Na sani."

Roda ta ɗago kai.

"Na sani mana. Ina da kunne. Na ji inda maganarki ta ƙare, na ji inda ta mai kwat ta fara. Shi bai san ni ba, bai taɓa shan ruwan hannuna ba, mahaukaci ne da ƙarfe a baki, mi zai dame ni da shi?" Ta ci gaba da kaɗa nononta. "Ni kam, ke na tsaya jira. Na naɗe tabarma na tsaya, na ce yanzu ɗiyata za ta karɓe ƙarfen nan ta ce ba haka ba ne. Wancan yana ta ja na mu tafi, na ce a'a, bari dai. Har ƙafata ta gaji."

"Tsoro na ji, Gogo. Taro ne."

"Taro ne." Gogo ta gyaɗa kai. "Ni ma taro ne, a wajen liman." Ta ɗaga murfin ƙwarya ta duba ko mai ya taso, ta mayar. "Na ga tsiraicinki har arba'in. Na ga abin da mijinki bai gani ba. Ko kazar gidan nan ba ta ji a bakina ba. Tashi ki tafi, rana tana yi, ba a son mai ciki da zafin nan."

Lahadin da ta biyo, Roda ta je wajen fasto ta ce tana da magana. Tsoho ne mai tsoron Allah, tun ranar abin yana damunsa, ya ce ta faɗa. Ta tsaya a gaban ikilisiya ba takarda a hannu. Ta ce shafin ƙarshe ƙarya ne, Gogo Adama musulma ce jiya da yau, ba ta taɓa durƙusa a bakin murhun kowa ba sai don hura wutar wankan wata marainiya. Ta ce Ubangiji bai aiko mata tsohuwar don ta zama ƙarshen labari ba, ya aiko ta ne ta zama uwa, kuma ita Roda ta ga ana yanka uwar tata ta yi shiru don kada taro ya ɓaci. Duk wanda ya ji ya ce ko labarin farko bai kai wannan ba. Sai dai lasifikar an riga an mayar wa mai ita. Maganar ba ta wuce bango huɗu ba, gindin maɗaci kuwa awaki ne kwance.

A bakin ƙofa Malam Cornelius ya tare ta, fuskarsa fes, kamar ba da shi ake ba. "Kin gani? Duhu, haske, tuba. Yau murhunki ya cika duwatsu uku. Ni na san zan fitar da marubuciya daga cikinki." Roda ta dube shi daga birori har takalmi, ta wuce. Ba ta sake taka barandar Sabon Tsiro ba. Shi kuwa har ya bar Dutsin-Ma yana ba da labarin yadda ya raini wata mata a Kurfi har ta iya rubutu.

Ana sauran 'yan kwanaki ta haihu, Mahmuda ya zo da jaki da kaya biyu na itace, busasshe, mai kyau. Ya sauke a bayan ɗakin girki a kan na da, ya jera shi daidai.

"Inna ta ce wanda ke nan ba zai kai arba'in ba. Ta ce wannan ya cika."

"Ita fa? Za ta zo?"

Ya kama igiyar jakinsa. "Itace dai ta ce in kawo."

Roda ta haifi ɗa namiji ranar wata Talata. Washegari da hantsi ta kasa kunne wajen ƙofa, ta ji masu talla suna wucewa, mai ƙuli, mai kuka, har da wata mai nono da ba ta san muryarta ba. Da hantsi ya ɗaga sosai ta tashi da kanta, ta ɗebi itacen Gogo ta hura wuta, ta ɗora garwa. Obadiya ya karyo mata darbejiya ya tafi aiki. Ta ja ruwan zuwa bayan ɗaki, ta zauna a kan kujerar nan ta da, ta tsoma ganyen ta fyaɗa a kafaɗa, ta fyaɗa a ciki, ta fyaɗa a cinya. Zafin ya ratsa ta, ta buɗe baki za ta ce za ta mutu, ta tuna babu mai amsawa, ta rufe. Ta juya hannu ta nan, ta juya ta can, har ruwan ya huce a garwa, ganyen bai kai tsakiyar bayanta ba.